Laima Ruwan Ɗorawa a Gadar Prag

Tun ranar da gahawa ta huce a falon Malam Dawuda, ba a sake ambaton sunan Nu'uman a gidan ba, sai dai a cikin zuciyar 'yarsa Shaima, inda ake ambatonsa safe da yamma.

Abin da ya faru kuwa duk layinsu na unguwar Mansur a Makka an sani. An sa rana Nu'uman zai zo da kawunsa a buɗe maganar aure. Aka turara falo, aka jera dabino, Malam Dawuda ya gayyato abokansa dattawa. Kawun ya iso bayan la'asar. Nu'uman bai shigo ba sai da aka idar da isha, jallabiyarsa sharkaf da gumi.

Wai a tashar motocin Kudai wani tsoho ɗan umara ya ga laimarsa a ɗage, ya zaci jagoran ayarinsu ne, ya biyo shi. Tsohon bai san sunan masaukinsa ba, ba shi da waya. Nu'uman ya yi ta bin otal-otal da shi, yana kiran kawunsa yana ba da haƙuri, har sai da ya damƙa shi a hannun 'yarsa.

Malam Dawuda ya saurare shi har ƙarshe, sannan ya ce, "Allah ya ba ka lada, yaro. Amma 'yata ba za ta auri mai laima ba."

Abin da ya ɗaure wa mutane kai shi ne, shi kansa Malam Dawuda mai laima ne. Da ƙuruciyarsa har furfurarsa jagorancin alhazai ya yi a Mina, yana gaba da laima a ɗage, ayari na biye, har gwiwoyinsa suka ce sun gaji. Irin aikin da Nu'uman ke yi ke nan. Mutum yakan yafe wa wani halin da bai sani ba, amma halin da ya sani a jikinsa, wannan da wuya.

Cikin wannan ɓarakar Gwaggo Zinariya ta sa kai. Ƙanwar Malam Dawuda ce, ita ta riƙe Shaima tun rasuwar mahaifiyarta, kuma tana da ɗa, Rakan, mai aiki a wani ofishin tafiye-tafiye a Jidda. Da likita ya ce a kai gwiwoyin tsohon wani garin ruwan zafi a ƙasar Cek, Rakan ne ya shirya komai, har da 'yar gajeriyar ziyara a Prag, babban birnin ƙasar, kafin a juyo gida.

Gwaggo ba ta ɓoye shirinta ba. A yammacin ƙarshe za su ci abinci a jirgin ruwa a kan kogin birnin, a nan za ta roƙi yayanta ya ba Rakan Shaima. Malam Dawuda ya ce to, a jirgin zai ba da amsa.

Babu mai yi wa Shaima dole. Mace ce da aikinta a kantin magani, in ta ce a'a an gama. Sai dai a'ar nan fuskar wa za ta faɗa wa? Fuskar matar da ta yi mata kitso, ta kwana a kanta ranar zazzaɓi.

Ranar tafiya ana loda akwatuna a ƙofar gida sai ga Nu'uman, riƙe da laimarsa ruwan ɗorawa, wadda rana ta Mina ta ɗan koɗar da ita. Ya rusuna ya sumbaci kan Malam Dawuda.

"Baba, an ce ƙasar nan ruwa ba ya sallama kafin ya sauko. Ga wannan."

"Ni za ka ba laima? Ina riƙe laima tun ubanka bai fara gemu ba."

"Shi ya sa na san za ta ji daɗin hannunka."

Rakan ya tuntsire da dariya. Gwaggo ta ja tsaki ta ce, "Yaya, Turai za mu, ba jifan Shaiɗan ba."

Malam Dawuda ya jujjuya laimar, ya gwada ƙarfin sandarta a ƙasa. "Ba a mai da kyauta a bakin ƙofa," ya ce. "Zan dogara da ita." Ya shige mota.

Shaima ta yi kamar tana gyara igiyar jakarta a bayan mota. Nu'uman ya tsaya nesa kaɗan, idonsa a ƙasa.

"Na ji maganar jirgin ruwa," ya ce a hankali. "In kika dawo an ba da ke, ba zan ce kin ci amanata ba."

"Kai dai ka iya faɗin magana mai zafi da murya mai sanyi."

"Shaima, gaya mini gaskiya. Da ke ce ni a ranar nan, za ki bar tsohon a titi?"

Hawaye suka cika mata ido. "Da na shaƙe shi tukuna, sannan in kai shi."

"Amma za ki kai shi."

"Zan kai shi. Abin da ke ba ni haushi ke nan, Nu'uman. Na duba ko'ina in sami inda zan kama ka da laifi in huta, ban samu ba."

"Yalla ya binti!" Gwaggo ta ƙwala kira daga cikin mota. "Jirgi ba ya jiran mai kuka!"

*

Ruwan zafi ya yi wa gwiwoyin Malam Dawuda rana. Mutumin da ya bar Makka yana cije baki in zai hau mota, shi ne ya sauka a Prag yana gaba kowa na baya, babbar kwat a kan jallabiya, laima tana ƙwanƙwasa duwatsun titi.

Shaima ba ta taɓa ganin gari irinsa ba. Tituna ƙanana a karkace, an shimfiɗa musu duwatsu kamar haƙoran masara. Gidaje masu launin alewa, rufinsu ja, kowane da 'yar hasumiyarsa. Jirgin ƙasa na cikin gari yana ratsa tsakiyar titi yana kaɗa ƙararrawa, babu mai gudu. Ga sanyi mai shiga hanci da ƙanshin kirfa.

Rakan ya saya musu wani burodi da ake naɗawa a jikin ƙarfe a gasa, a barbaɗe shi da sukari. Gwaggo ta ɗaga nata ta leƙa, ta hango yayanta ta cikin ramin.

"Wallahi Turawan nan! Sun cinye cikin, sun bar mana bango."

Duk da haka ta cinye, ta karɓe rabin na Rakan.

Daga nan ya kai su babban dandali, inda jama'a suka yi cincirindo a gindin wani tsohon agogo, kowa waya a sama. Ya ce agogon ya girmi kakannin kakanninsu, kuma yanzu za su ga abin mamaki.

Lokaci ya cika. Wani ɗan ƙwarangwal a gefen agogon ya ja igiya, ƙararrawa ta kaɗa. Tagogi biyu suka buɗe, 'yan mutum-mutumi suka gitta ɗaya bayan ɗaya. Zakaran zinariya ya yi cara. Tagogi suka rufe. Jama'a suka sa tafi.

Malam Dawuda ya ci gaba da kallo, yana jiran saura.

"Shi ke nan?"

"Shi ke nan, Kawu."

"Kalas? Don wannan aka tara duniya? Namu na Harami daga Kudai kana ganin ƙarfe nawa, kuma bai taɓa neman zakara ya taya shi ba."

Shaima ta yi dariya har ta riƙe ciki. Amma da suka juya za su tafi ta ji yana cewa a ƙasa-ƙasa, "Sai dai wannan mai jan igiyar ya yi wa'azi, ga wanda ya ji."

Maza suka tafi neman shayi. Gwaggo ta jawo Shaima kan wani benci, ta kama hannunta ta sa a cinyarta. Shaima ta san an zo wurin.

"Habibti, kin ga yadda Rakan yake hidima da ubanki?"

"Na gani, Gwaggo. Allah ya saka masa."

"To me ya rage? Mummuna ne? Mashayi ne?"

"Gwaggo, a kwano ɗaya muka ci waken ful da shi. Shi ya cire mini haƙorina na farko da zare. In na kalle shi, yayana nake gani."

"So yana zuwa daga baya."

"In gidan babu kowa, yakan zo. Nawa akwai mutum a ciki."

Gwaggo ta saki hannunta. "Ranar da aka fita da gawar uwarki Maryama kina riƙe da zanena. Ban sake ki ba har yau. Ban taɓa roƙonki komai ba, Shaima, ko kofin ruwa. So nake in tsufa ina ganinki a gidana, kada wani ya ɗauke mini ke. Wannan ne laifina?"

"Ba laifi ba ne." Shaima ta fashe da kuka, ta kifa kai a kafaɗarta. "Da idona kika ce in ba ki, wallahi da na ba ki. Gwaggo, ki gaya mini yadda zan yi in ce miki a'a ba tare da na zama butulu ba. Ki koya mini, ke kika koya mini komai."

Gwaggo ta ciro hankici ta share wa Shaima fuska da ƙarfi, kamar yadda take yi mata tana ƙarama, sannan ta share tata.

"Tashi. Ga su nan. Kada ubanki ya gani."

*

Da yamma ta fara yi, Rakan ya ce akwai sauran lokaci kafin jirgin ruwa, su taka tsohuwar gadar dutse su dawo. Gada ce doguwa, gumakan baƙin dutse a jere dama da hagu, masu zane da masu goge a gefe, can gaba kuma fadar sarakunan da a kan tudu.

Suna tsakiya sai sama ta sako yayyafi. Mutane suka rikice, masu komawa suna karo da masu zuwa, kafaɗa na gugar kafaɗa. Shaima ta duba ba ta ga Gwaggo ba.

Sai ta ji muryar da rabonta da ji tun tana yarinya.

"Kowa ya tsaya a bayana! Ku bi laima!"

Malam Dawuda ne. Ya buɗe laimar Nu'uman ya ɗaga ta can sama iya tsawon hannunsa, shi kansa ruwa na dukansa. Mutumin da ya yi rayuwarsa a gadar jifan Shaiɗan, in ya ga gada ta cika, hannunsa ba ya shawara da shi. Ya ratsa taron a hankali, yana ɗan karkata kafaɗa, yana jujjuya laimar don na baya su gani.

"Tarig, tarig! Hanya, bayin Allah!"

Shaima ta kamo Gwaggo, Rakan ya biyo su, suka bi ruwan ɗorawar nan har ƙarshen gada. A ƙarƙashin hasumiya Malam Dawuda ya juyo don ya ga ko nasa sun cika.

Sun cika, har sun yi yawa.

A bayansu tsofaffi ne tsaye reras, maza da mata, gajeru, duk da gyale iri ɗaya a wuya da 'yar jaka a ƙirji. Suna kallonsa, suna jiran ya faɗi inda za a nufa.

"Inna lillahi," in ji Gwaggo. "Yaya, waɗannan fa?"

Rakan ya yi musu Turanci. Wani tsoho mai baƙar hula ya nuna laimar, ya yi bayani da hannu da baki. Rakan ya dafe kai yana dariya.

"Kawu, ka sace ayarin mutane. Jagorarsu ma laima ruwan ɗorawa take riƙewa."

Malam Dawuda ya ƙare musu kallo, ya dubi hular tsohon. "Indonesi?"

Suka gyaɗa kai gaba ɗaya.

Fuskarsa ta washe. Duk wanda ya yi aikin Mina yana da ɗan guzurin yarensu. "Ibu! Bapak!" ya ce, wato iyaye mata da iyaye maza. Ya bugi ƙirjinsa. "Makka. Ana min Makka, daga Makka nake."

Wata tsohuwa ta dafe baki. "Makka?" Ta matso ta kama bakin kwat ɗinsa da hannu biyu, hawaye na zuba. Rakan ya fassara abin da tsohon mai hula ya ce: ta daɗe tana jiran layin Hajji a ƙasarsu bai zo kanta ba, 'ya'yanta suka kawo ta nan don ta rage damuwa, ga shi Makka ta zo ta same ta a kan gada.

Malam Dawuda ya ɗaga hannu ya yi mata addu'a, tsofaffi suna amin, Turawa na wucewa suna kallo.

Rakan ya kira lambar da ke jikin jakarsu. Jagorar, wata yarinya, ta ɗauka tana kuka. Tana can ƙofar fada a kan tudu da sauran ayarin, cikinsu akwai mai keken guragu, ba ta da halin barinsu ta sauko.

"Tayyib," in ji Gwaggo. "A nuna musu hanya su hau. Ga tudun can, ba ɓoyayye ba ne. Mu jirgi zai tashi."

"Zinariya, dubi ƙafafunsu. A kwanar farko za su watse."

"To 'yan sanda fa? Yaya, kai ka haife su?"

"Laimata suka bi."

"Ba ma taka ba ce!"

"Tana hannuna." Ya gyara riƙo. "Wanda ya bi laimarka naka ne har ka damƙa shi ga mai shi. Rakan, koma baya, kada ka bar kowa a bayanka. Shaima, tsakiya, ki kula da mai tari ɗin nan. Zinariya, riƙe hannun wannan baiwar Allah."

"Ni?"

Kafin ta rufe baki tsohuwar ta riga ta saƙala hannu a nata tana murmushi.

Haka suka kama hawa. Titi ya miƙe sama tsakanin gidaje masu alamar dabbobi a kan ƙofa, sannan matakala ta karɓa. Malam Dawuda na gaba yana cewa, "Pelan-pelan, a hankali, ya hajja!" In ya ga numfashi ya yi sama sai ya tsai da su, ya nuna wani gini da laima, ya yi bayani da Hausa da Larabci kamar a nan aka yanke masa cibiya.

"Wannan gidan wani attajiri ne, ya yi rowa, ya mutu, ya bar shi."

"Kawu, ofishin jakadanci ne."

"Kafin nan fa? Kai dai fassara."

Rakan ya fassara, tsofaffi suka ce "Ooo," suka ɗauki hoto. Shaima na dariya, ruwa na sauka a fuskarta, ita ma tana ta ɗauka. Ta waiwaya ta ga Gwaggo da tsohuwarta suna hira, wannan da Hausa, waccan da yarenta, kowace na gyaɗa kai. Har alewar citta ta ga an tura wa Gwaggo a baki.

A ƙofar fada yarinyar ta rugo da tata laimar, ta ƙirga mutanenta, ta sake ƙirgawa, ta durƙushe tana godiya. Sai da aka yi hoto, laima biyu a tsakiya. Tsohuwar ta cire gyalenta ta ɗaura wa Gwaggo a wuya kafin ta yarda ta sake ta.

Ruwa ya ɗauke. Su huɗu suka jingina da katangar tudu. Birnin gaba ɗaya ya kwanta a ƙasansu, jan rufi bayan jan rufi, hasumiyoyi kamar an soka allurai, rana na haska kogin ta ƙasan gajimare. Malam Dawuda yana haki yana dariya shi kaɗai, kamar an rage masa shekaru.

Gwaggo ta miƙa yatsa. Can a kan ruwa wani farin jirgi yana ratsawa ta ƙarƙashin gada.

"Ga namu can. An dafa mana abinci, an jera kujeru, an jira mu." Ta juyo ta dube shi. "Yanzu kam ya huce, Yaya. Saboda baƙin da ba ka san sunansu ba."

Dariyar ta tsaya a fuskarsa. Ya dubi jirgin. Ya dubi laimar da ke hannunsa, ya daɗe yana dubanta.

Shaima ta matsa kusa da shi.

"Abuya."

"Kada ki ce komai." Muryarsa ta yi ƙasa. "Kin san sau nawa uwarki ta ci abincin Salla ita kaɗai? Ranar da aka haife ki ina Mina. Abin da nake guje miki ke nan."

"Na sani. Ta gaya mini." Hawaye suka zubo mata. "Na taɓa tambayarta ko ba ta jin haushi. Ta ce tana ji mana, har ta taɓa ɓoye maka takalmi. Amma ta ce abinci ne kawai yake hucewa. Ba ta taɓa zama tana tunanin ko za ka dawo ba, ko kana ina, ko da wa. Ta san wani ne ya ɓata, kana kai shi gida."

Malam Dawuda ya juya mata baya, ya fuskanci birnin. Kafaɗunsa suka motsa. Da ya juyo sai ya naɗe laimar a hankali, ya ɗaure igiyarta.

"Mu sauka," ya ce. "Sanyi ya fara."

A jirgin cikin gari Rakan ya zauna kusa da ita ya ce ta nuna masa hotuna. Ya yi ta turawa da yatsa, yana murmushin da bai kai ido ba.

"Na kawo ki birni mai hasumiya ɗari, ke kuma laima kika zo ɗauka. Duba. Laima. Laima. Rabin kan Kawu da laima."

"Rakan, ka yi haƙuri..."

"Ma'alesh, ba komai. Ina sonki, ba zan yi ƙarya ba. Amma ba na son matar da za ta zauna da ni don kunyar uwata." Ya miƙa mata wayar, ya kau da kai wajen taga. "Ummi ki bar ni da ita. Za ta yi mini kwana biyu ba magana, na saba."

*

Gwaggo ba Rakan kaɗai ta daina yi wa magana ba. Har suka sauka Jidda, har mota ta shigo Makka hasumiyar agogo ta bayyana, ba ta dubi inda Shaima take ba. A ƙofar gidanta ta sauka, ta ja akwatinta, ko sai anjima babu.

Malam Dawuda shi ma bai sake ta da maganar auren ba. Shaima ta kwana ta tashi ba ta san matsayinta ba: ta rasa Gwaggo, kuma ba a ce ta sami Nu'uman ba.

Washegari da hantsi ya leƙo kicin.

"Ki dafa gahawa bayan la'asar. Na aika a kira yaron nan ya karɓi kayansa."

Kayansa. Cokali ya faɗi daga hannunta.

Tun ana kiran azahar ta hango Nu'uman ta taga, tsaye a inuwar shagon mai tsire, cikin farar jallabiya, hannayensa biyu a aljihu. Nan ya yi ta tsayuwa, masallaci kawai ya raba shi da wurin. Ana sallame la'asar ya yi sallama.

Shaima ta ajiye tire a bakin labule, ta maƙale a bayansa.

"Yau babu wanda ya biyo ka?" in ji Malam Dawuda.

"Ban ɗaga hannu ba, Baba. Ko gaisuwa aka yi mini daga nesa, da ka na amsa."

"Hm." Sai ƙarar sandar laima a kan tayil. "Ka san abin nan naka ba shi da tarbiyya? Har Turai ya je yana tara mini jama'a."

"Allah ya ba da haƙuri, Baba."

"Ya hana ni cin kifi a jirgin ruwa. Ya sa ni hawan dutse da sababbin gwiwoyi."

"In karɓe ta ke nan?"

"Wa ya ce zan ba ka? Ta zauna nan. Na riƙe." Ya yi gyaran murya. "Sai dai ni ba na cin kayan mutum haka kawai. Ka turo kawunka ranar Juma'a, mu ga abin da za a ba ka a madadinta."

Shaima ta toshe baki da gyale. Ta sulale ta zauna a ƙasa, tana kuka tana dariya. Daga falo ta ji Nu'uman yana ta "Baba... Baba..." ya kasa haɗa magana.

Sai aka buga ƙofar gida da ƙarfi.

Ta san bugun. Ta miƙe ta buɗe. Gwaggo Zinariya ce, fuska a ɗaure, gyalen tsohuwar nan na Prag a wuyanta, ta rungumo wani ƙaton fulas sabo fil, irin wanda ake kai wa ma'aikata shayi a Mina.

"Gwaggo..."

"Matsa mini."

Ta wuce ta kai tsaye har falo, ta dire fulas ɗin a gaban yayanta, finjalai suka yi ƙara.

"Ga shi. Ranar Juma'a a nan za a zuba gahawar. Tunda mai laima za a jira, a jira shi da mai zafi, kada a sake kunyata mu a layi."

Nu'uman ya zabura zai durƙusa. Ta ɗaga masa hannu.

"Kada ka yi mini godiya, ban yafe ba tukuna. 'Yar nan ni na raine ta, ba a kan gada aka tsince ta ba." Ta zauna, ta gyara zama, ta waiwaya wajen labule. "Ke kuma mai laɓe, share hancinki ki zo ki zuba mini. Kai, matso nan kusa. Ina da tambayoyi, kuma yau babu inda za ka, ko duk alhazan duniya ne suka ɓata."